Gado Ɗaya, Majinyata Biyu: Wa Za A Kwantar?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta, Ya sanya lafiya ni'ima, Ya sanya jinya kankarar zunubi ga wanda ya yi haƙuri. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani ma'aikacin jinya, wanda muke salla tare, ya tare ni da ita bayan sallar asuba a wani hunturu. Ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce: "Malam, daren jiya an kawo mana mutum biyu kusan lokaci guda, dattijo mai kimanin shekara 70 da yarinya ƴar shekara 3, dukansu numfashi yana gagararsu, na'urar iska kuwa ɗaya ce ta rage. Na sa wa yarinyar. Ƴaƴan dattijon sun ce ban san girman manya ba. Shin ina da laifi wurin Allah?" Ban ba shi amsa nan take ba, domin na ga tambayar ta fi ƙarfin maganar bakin ƙofa. Abin da ya same shi a dare ɗaya, shi ne yake samun ƙasashe baki ɗaya wata da watanni idan annobar mura ta game duniya, saboda haka na ga ya dace mu dubi abin da ya auku a irin waɗannan lokuta, mu auna shi da ma'aunin shari'a.

Mura dai kowa ya san ta, duk hunturu tana zuwa, har mun raina ta. Amma ƙwayar cutar da ke kawo mura mai tsanani tana sauya kama, kuma akan yi zamani da za ta fito da wata sabuwar siffa wadda jikin yawancin mutane bai taɓa gamuwa da ita ba, sai ta bi duniya kamar wutar daji a kaka. Haka ta yi a 1918, da 1957, da 1968, da 2009. Ta 1918 ita ce wadda kakanninmu suka kira marisuwa. Ta shigo Afirka ta Yamma ta tashar jiragen ruwa ta Firitawun a ƙasar Saliyo cikin watan Agusta na wannan shekara, ta bi gaɓar teku, ta biyo hanyar jirgin ƙasa da ta fatake har ƙasar Hausa. Masana suna ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum miliyan 50 a duniya, kuma abin da ya fi tayar da hankali game da ita shi ne ta fi kayar da majiya ƙarfi, ƴan shekara 20 zuwa 40. A wancan zamani tambayar wa za a kwantar ba ta taso a garuruwanmu ba, tunda asibitin ma babu shi ga talaka. Mutane sun yi jinya a ɗakunansu, wanda kwanansa ya ƙare ya tafi.

Ta 2009 kuwa yawancinmu muna da wayo lokacin da ta zo. An fara gano ta a watan Afrilu a ƙasashen Meziko da Amurka. Kafin ƙarshen watan an rufe makarantu a birnin Meziko, an dakatar da tarukan ibada a majami'u, ana buga ƙwallo babu ƴan kallo. Ranar 11 ga Yuni 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya, ba ta kuma janye wannan hukunci ba sai ranar 10 ga Agusta 2010. An yi ta kiranta murar aladu, kuma wannan suna ya yaudari wasu daga cikinmu, na ji da kunnena ana cewa cuta ce ta masu cin naman alade, ba ruwan musulmi da ita. Alhali daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, ta tari da atishawa. Ƙasar Masar ta yanka aladunta a wannan shekara, cutar kuma ba ta fasa shiga ba. Maganar ta kai ga aikin hajji: ministocin lafiya na ƙasashen Larabawa sun taru a Alƙahira a watan Yuli 2009 suka ba da shawarar kada waɗanda suka haura shekara 65, da yara ƴan ƙasa da shekara 12, da masu cutuka masu daɗewa su tafi hajjin wannan shekara, ƙasar Tunisiya ma ba ta tura alhazai ba. A nan Afirka ta Yamma cutar ta yi jinkirin yaɗuwa, sai wajen farkon 2010 ta yi ƙarfi.

To su wa suka cika gadajen asibiti? A nan ne abin lura yake. A murar kowace shekara tsofaffi ne suka fi yawa cikin waɗanda ake kwantarwa da waɗanda suke mutuwa. A 2009 al'amarin ya juye. Likitocin Amurka sun bibiyi majinyata 272 da aka kwantar tsakanin Afrilu da Yuni, suka sami kashi 45 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 18 ba, kashi 5 kacal ne masu shekara 65 ko fiye. Kusan uku cikin huɗu suna da wata lalura tun kafin murar, kamar asma, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko juna biyu. Ɗaya cikin huɗu sai da aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da wanda yake tsakanin rai da mutuwa, kashi 7 cikin 100 kuma suka rasu. A birnin Buwenos Aires na Ajantina, inda sanyi yake zuwa a watannin damanarmu, asibitocin yara guda 6 sun kwantar da yara 251 tsakanin Mayu da Yuli, ninki biyu na abin da aka gani a murar shekarar da ta gabata, 13 daga ciki suka rasu. A Ostareliya da Niyu Zilan mutum 722 ne suka shiga ɗakunan kulawa ta musamman cikin wata 3, fiye da 9 cikin kowane 10 ba su kai shekara 65 ba, kuma kusan ɗaya cikin goma mata ne masu ciki.

Dalilin da masana suka bayar shi ne cewa wata ƴar uwar wannan ƙwayar cuta ta zagaya duniya daga 1918 har zuwa 1957, waɗanda aka haifa kafin nan jikinsu ya taɓa yin kokawa da danginta, sai ya zama wasunsu suna da sauran garkuwa. Yara da samari ba su da ita. Sai dai kada wani ya ɗauki wannan ya ce ashe tsoho ba shi da haɗari. Binciken da aka yi a jihar Kalifoniya ya nuna cewa jarirai ne aka fi kwantarwa, amma cikin waɗanda aka kwantar, masu shekara 50 zuwa sama ne suka fi mutuwa. Wato tsoho ba ya cika kamuwa, amma in ta kama shi takan kayar da shi. Mutuwar da aka tabbatar da gwaji a duniya ba ta wuce kimanin 18,500 ba, amma ƙiyasin da aka fitar a 2012 ya ce adadin gaskiya yana tsakanin 151,700 da 575,400 a shekarar farko, kuma kimanin rabinsu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya suke. Bambancin da ke tsakanin waɗannan lambobi, mafi yawansa mutanen da suka mutu ne ba a yi musu gwaji ba, da yawansu ba su ma ga gadon asibiti ba.

Na kawo waɗannan alƙaluma domin mu ga cewa annoba ba ta bin tsarin zaman majalisa. A al'adarmu babba ne gaba: shi ake fara miƙa wa ruwa, shi ke fara sa hannu a akushi, shi ake shimfiɗa wa tabarma. Wannan ladabi ne mai kyau, addini ya ƙarfafa shi, Manzon Allah (S.A.W) ya tsananta magana a kan wanda ba ya girmama babba, kuma a cikin zance guda ya haɗa da wanda ba ya jinƙan ƙarami. Amma ladabin zama daban, haƙƙin rai daban. Idan za a raba goro, a fara da dattijo. Idan za a raba numfashi, wani ma'auni ake bukata.

Shari'a ba ta sa wa rai farashi gwargwadon shekarunsa ba. Diyyar yaron da aka haifa jiya daidai take da diyyar dattijo mai furfura, ba a rage ta don bai yi wa kowa amfani ba tukuna, ba a kuma rage ta tsoho don kwanansa ya kusa. Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya, ba ta ware ran babba ko na yaro, na sarki ko na talaka ba. Saboda haka wanda ya ce a fifita dattijo don girmansa ya yi kuskure. Wanda kuma ya ce a bar tsoho kawai don ya riga ya ci zamaninsa, shi ma ya yi kuskure, kuma nasa kuskuren ya fi ban tsoro, domin an ji irin wannan magana a wasu ƙasashe lokacin annobar korona a 2020, kamar tsufa laifi ne. Babu wanda aka nuna wa littafin ajali. Sau nawa muka yi wa saurayi salla kakansa yana tsaye a sahu?

Idan rayuka daidai suke, da me za a rarrabe? Malaman fiƙihu sun yi magana a kan wanda ya ga mutum yana nutsewa a ruwa alhali shi yana salla, suka ce ya yanke sallar ya cece shi, domin salla ana rama ta, rai ba a rama shi. Ka'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce a gabatar da abin da in ya wuce ba a samun makwafinsa, kuma idan ɓarna biyu suka haɗu ba makawa sai ɗaya ta auku, a zaɓi mafi sauƙi. Idan muka kawo wannan ƙofar asibiti, tambaya ta farko ita ce: wane ne cikin biyun zai halaka idan bai sami wannan gado ba, wane ne kuma zai iya warkewa a gida ko a wani ɗaki? Tambaya ta biyu: wane ne ake kyautata zaton maganin zai amfane shi? Domin akwai majinyacin da cuta ta riga ta ci ƙarfinsa, na'ura ba za ta ƙara masa komai ba sai wahala, kusa da shi kuma ga wani wanda kwana biyu na iska za su tayar da shi da izinin Allah. A hana na biyu don a bai wa na farko, an yi asarar biyun ke nan. A wannan wuri shekaru suna iya shigowa, amma a matsayin alamar ƙarfin jiki ko rauninsa, kamar yadda ciwon suga ko juna biyu suke alama. Wani tsohon ya fi wani saurayin ƙwarin huhu. Kuma wannan hukunci na likita ne, shi Allah Ya bai wa saninsa. Liman ba shi da shi, mai gari ba shi da shi, ƴaƴan majinyaci ba su da shi, komai yawan kukansu.

Idan kuma aka auna aka tarar bukatarsu ɗaya, fatan warkewarsu ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ya fi cancanta, kamar yadda aka hana mutum ya tayar da ɗan uwansa daga mazauninsa don shi ya zauna. Ba a cire na'ura daga wanda take amfanarsa don wani ya iso daga baya. Abin da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta halatta a zamanta na birnin Amman a 1986 shi ne cire na'urorin daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya, babu dawowa. In kuwa tare suka iso, komai nasu ɗaya, shari'a tana da ƙuri'a. Wasu za su ji nauyin wannan, su ce yaya za a jefa ƙuri'a a kan ran mutum. To Alƙur'ani ya ba mu labarin ƙuri'ar da aka yi a kan renon Nana Maryamu, da wadda aka yi a jirgin ruwan Annabi Yunusa, kuma Manzon Allah (S.A.W) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Imam Ƙarafi, babban malamin mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya rasu a Masar a 684 bayan hijira, ya fayyace a littafinsa Alfuruƙ cewa wurin ƙuri'a shi ne inda haƙƙoƙi suka yi daidai, domin a kau da ƙullin zuciya, amma inda haƙƙi ya bayyana ga ɓangare ɗaya, ƙuri'a ba ta halatta, domin tozarta haƙƙin ce. Hikimar a fili take: idan babu abin rarrabewa na gaskiya, zuciya za ta ƙirƙiro na ƙarya, ta dubi riga, ta dubi mota, ta dubi ɗan wane ne.

A nan zan tsaya, domin nan ne ciwonmu yake. Abin da ya fi raba gadon asibiti a wurarenmu, ko da annoba ko babu, shi ne sanayya. Kowa yana da wanda zai kira. Mai kuɗi yana da jakunkunansa, ma'aikaci yana da abokin karatunsa, mai sarauta yana da rawaninsa, mu malamai kuma muna da kwarjininmu, kuma ina faɗin wannan da kunya. Shekarun baya, a wani hunturu da ciwon ƙirji ya cika wani asibiti, iyalan wani dattijo mai taimakon masallacinmu suka zo suka ce in raka su in sa baki. Na tafi, na yi wa shugaban ɗakin magana, ya ji nauyina, aka samar wa dattijon gado. Na fito ina jin na yi aikin lada. A baranda na wuce wata mata zaune a kan tabarma, da alama daga ƙauye take, yaro kwance a cinyarta, haƙarƙarinsa yana shiga yana fita. Ban tambaya ba ko ita ce ke jiran wannan gado. Ban tambaya ba domin ina tsoron amsar. Dattijon ya kwana biyu ya koma gida, har yau ban san abin da ya sami yaron ba, kuma ban daina neman gafarar Allah a kan wannan rana ba.

Gaskiya ne an kwaɗaitar da mu yin ceto ga mabukaci, kuma akwai lada a ciki. Amma Suratun Nisa'i ta raba ceto gida biyu, mai kyau da mummuna, kowanne mai yin sa yana da kaso daga sakamakonsa. Ceto mai kyau shi ne ka kai kukan wanda ba a jin muryarsa. Ceton da zai ɗauke haƙƙin wani ya bai wa naka, zalunci ne da aka naɗa wa rawani. Mun san yadda fuskar Manzon Allah (S.A.W) ta sauya lokacin da Usama ɗan Zaidu, wanda yake ƙauna ƙwarai, ya zo ceton matar nan ta ƙabilar Makhzum, ya kuma bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne bambanta mai daraja da mai rauni. Mun san kuma Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa. Idan an yi wa fiyayyen halitta gyara a kan wannan, ina ga ni da kai? Wanda ya ba da kuɗi a tsallake layi da shi a lokacin da gado ya yi ƙaranci, ya sani cewa ba daga asibiti ya sayi gadon ba, daga hannun wani majinyaci ya ƙwace shi, wanda bai gani ba, kuma za su haɗu.

Wani zai ce: to ina fifita wani a kan kai, wanda Allah Ya yabi mutanen Madina da shi? Yana nan, kuma babu abin da ya fi shi kyau. Malaman tarihi suna kawo labarin mutanen da aka yi wa rauni a yaƙin Yarmuk, aka kawo ruwa, kowanne yana nuna a kai wa ɗan uwansa, har suka cika ba wanda ya sha, ko da yake an yi saɓani a kan sunayensu da ingancin ruwayar. Dattijon da yake cikin hankalinsa ya dubi yarinya ya ce a ba ta na'urar, shi ya dogara ga Allah, muna yi masa fatan babban matsayi. Sai dai wannan kyauta ce, kyauta kuwa daga mai abu take fitowa. Ba a tilasta wa tsoho ita, ba a kunyata shi don bai yi ba. Ta ɗaya gefen kuma, uba ba shi da ikon ya yi kyauta da haƙƙin ɗansa. Waliyyin maraya ba ya sadaka da dukiyar maraya ko da niyyarsa ta kai ina, balle numfashinsa. Na faɗi haka ne domin na san halinmu na kara: talaka ya ga babban mutum ya iso, sai ya ɗauke ɗansa ya ce a fara duba Alhaji. Wannan kara ba tasa ba ce da zai yi, da ran yaron yake yin ta.

Kafin a kai ga ƙofar likita ma, mu kanmu muna raba gadon tun daga gida. Mafi yawan waɗanda suka kamu da murar 2009 sun warke a ɗakunansu da hutu da shan ruwa da maganin zazzaɓi. Wanda ya je ya kwanta a gadon asibiti da ciwon da bai kai ba, don yana da hali, ya tare wa wani hanya. Amma kuskuren da ya fi yawa a wurinmu shi ne kishiyar wannan, wato jinkiri. Maganin da ake ba masu irin wannan mura, wanda ake kira Tamiflu, ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 2 na farko, kuma likitocin da suka bibiyi majinyatan Amurka sun lura cewa waɗanda aka fara wa da wuri sun fi tsira. Mu kuwa sai a kwana uku ana jiƙo, a kwana biyu ana sayen ƙwayoyi wurin mai tebur, mai gida yana ci-rani, uwa tana jiran izinin fita, sai yaro ya galabaita a ɗauko amalanke. A lokacin sai ya zama yana bukatar na'urar da ba ta isa ba, alhali da an zo da wuri wataƙila allura da ruwa sun wadatar. Ina kira ga magidanta da su ba matansu izini tun yau, izini tabbatacce, cewa duk lokacin da yaro ko mai ciki ya shiga wani hali a tafi asibiti ba sai an nemo su ba. Tofi da addu'a ba su hana wannan, ana yin su a hanya. Wanda ya koya mana addu'a shi ne ya ce wa balaraben ƙauye ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara. Sayyidina Umar kuma ya juya da jama'a daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, a shekara ta 18 bayan hijira a mashhurin zance, bai ga hakan ya saɓa wa imani da ƙaddara ba.

Alamomin da ba a kwana da su, kowace uwa ya kamata ta san su kamar yadda ta san farillan alwala. Yaron da numfashinsa ya yi sauri: jaririn da bai kai wata 2 ba idan ya kai numfashi 60 a minti ɗaya, ɗan wata 2 zuwa shekara idan ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 idan ya kai 40. Yaron da ƙasan ƙirjinsa yake lotsawa in ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ko leɓɓansa suka sauya launi. Haka wanda zazzaɓinsa ya sauka sannan ya dawo da ƙarfi tare da tari, domin sau da yawa alama ce ta cewa ciwon huhu ya biyo bayan murar. Mace mai ciki kuwa ba ta jiran waɗannan, da zarar zazzaɓi da tari sun haɗu mata a lokacin annoba ta tafi. A Amurka mata masu ciki kimanin kashi 1 cikin 100 ne na jama'a, amma su ne kimanin kashi 5 na waɗanda murar 2009 ta kashe. Kuma kada a bai wa yaro mai mura asfirin, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma maganar dubiya. Gaida marar lafiya haƙƙi ne na musulmi a kan musulmi, amma a lokacin annoba cika ɗakin majinyata da ƴan dubiya, da goyo a baya, kowa da kwanon abincinsa, hanya ce ta kai cuta da ɗauko ta. An hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwama su da masu lafiya wurin shan ruwa. Mai jinya ɗaya ya isa, sauran su aiko da addu'a da abin da za a sayi magani.

Duk wannan magana ta rabon kaɗan ce. Tambayar da ta rage a wuyan al'umma ita ce me ya sa ya zama kaɗan. Sarkin Masar Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira a 1284, ya yi masa waƙafi, ya buɗe shi ga mai kuɗi da matalauci, babba da yaro, namiji da mace. Magabatanmu sun ɗauki wannan ibada. Mu a yau attajiri yakan gina masallaci na uku a unguwar da biyun farko ba su cika sahu uku da asuba, alhali asibitin unguwar na'urar iska ɗaya gare shi. Ban hana gina masallaci ba, Allah Ya kiyaye, amma kula da marasa lafiya farilla ce ta kifaya, idan ba wanda ya tsaya mata dukanmu muna da laifi. Kuma kada mu zaci wasu za su kawo mana. A 2009 ƙasashe masu arziki sun riga sun yi cinikin mafi yawan allurar rigakafin tun kafin a gama haɗa ta, wadda aka yi alkawarin bai wa ƙasashe matalauta kuma ba ta fara isa yawancinsu ba sai cikin 2010, bayan cutar ta yi yawancin ɓarnarta a duniya. Masana ba su daina sa ido a kan murar tsuntsaye ba, wadda aka samu a Magariya a 2006, aka kuma same ta a shanun tatsa a Amurka a 2024. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bayan kwana biyu na nemi ma'aikacin jinyar nan, na tambaye shi abin da ya duba a daren. Ya ce ya auna iskar jininsu duka biyu da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa, ta yarinyar ta fi sauka ƙwarai, dattijon kuma yana iya zama ya yi magana, ya kuma aika a nemo masa wata na'ura daga ɗakin haihuwa. Na ce masa: shin da dattijon ne tasa ta fi sauka, wa za ka sa wa? Ya ce dattijon. Na ce: da yarinyar ƴar wani babba ce, ko dattijon mahaifinka ne, hukuncin zai sauya? Ya yi shiru, sannan ya ce yana roƙon Allah kada Ya jarrabe shi da wannan, amma yana fatan ba zai sauya ba. Na ce masa ban ga laifi a kansa ba. Mai hukuncin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa da sani da tsarkin niyya, in ya dace lada biyu gare shi, in ya kuskure yana da ɗaya. Na shawarce shi da ya roƙi shugabanninsa su rubuta ka'idar rabon tun kafin a shiga matsi, a karanta wa jama'a, domin kada nauyin ya riƙa faɗawa kan mutum ɗaya da tsakar dare. Sannan na roƙe shi ya nuna mini gidan dattijon, domin in je in zauna da ƴaƴansa in yi musu bayani, tunda daga bakina za su fi karɓa. Mun tafi tare bayan la'asar. Wallahu a'alamu.